Gem ɗin waya da kuɗin da yake ci: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi su ne suka fi yawo a bakin mutane game da wasannin waya, a rumfar mai caji, a teburin mai shayi, da cikin gidajen da uwa da 'ya'yanta suke amfani da waya ɗaya. Na rubuta amsoshin ne domin mutanen Garwa, Marwa, Gaundare da Kuseri, har da 'yan'uwanmu na tsallaken gadar Ngeli a Njamena, tunda sefa ɗaya muke kashewa.

An rubuta "kyauta" a kan gem ɗin. To masu shi ina suke samun kuɗi?

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin da ya ɗauki ma'aikata, ya biya masu zane da masu lissafi, yake biyan kuɗin manyan kwamfutocin da ke riƙe wasan dare da rana, ba don Allah yake yi ba. Hanyoyinsa uku ne: talla, sayar da kaya a cikin gem ɗin, da kuɗin wata-wata.

Da farko ba haka abin yake ba. Lokacin da Apple ya buɗe App Store a 2008, Google ma ya buɗe nasa shagon a wannan shekarar, sayen gem ake yi kamar yadda ake sayen kaset: ka biya sau ɗaya, ya zama naka. Angry Birds, wanda kamfanin Rovio na ƙasar Finlan ya fitar a 2009, santi 99 na dalar Amurka aka sayar da shi. A 2009 ɗin Apple ya ba da damar sayar da kaya a cikin manhaja, sai kasuwa ta fara juyawa. Zuwa 2012, da Candy Crush Saga da Clash of Clans suka fito kyauta amma suka tara dukiyar da gem ɗin sayarwa bai taɓa tarawa ba, kowa ya bi sahu. Yau fiye da kashi 90 cikin 100 na manhajojin Google Play kyauta ake sauke su. Free Fire na kamfanin Garena da ya fito a 2017, PUBG Mobile na 2018, Ludo King, Dream League Soccer, eFootball, duk waɗanda samarinmu suka fi bugawa, a kan wannan tsari suke.

Malam, ni fa ban taɓa tura musu ko sefa biyar ba. Ashe ban ci riba ba?

Ka biya, ɗan'uwa, sai dai ba su ka miƙa wa ba. Ka sayi data ka sauke gem ɗin. Bayan 'yan makonni ya ce sai an sabunta shi kafin ya buɗe, ka sake sayen data. Duk tallar bidiyon da ta tsare ka tsakanin zagaye da zagaye, da megarka take tafiya, wato kai ne kake biyan kuɗin tallar da ake yi maka. Ga batir. Je ka rumfar mai caji a Garwa ranar da aka ɗauke wuta cikin zafin watan Afrilu, ka ga allon katako cike da soket, wayoyi jere kowace da 'yar takarda mai lamba an liƙa mata a baya, janareta na ƙara a gefe, yaro na tsaye yana roƙon a ba shi tasa ko da rabi ta cika domin abokan wasansa suna jira. Wayar da ake buga gem ɗin harbi da ita takan sha caji sau biyu a yini, kuma kowane caji da kuɗinsa.

Wanda ya zauna ya haɗa wannan lissafi na wata guda zai ga cewa gem ɗin da bai saya ba ya fi wanda ake sayarwa tsada.

Gaskiya ne mutanenmu ba sa son biyan kuɗin manhaja?

Wannan magana ana yawan faɗinta, kuma ban yarda da ita ba. Mutumin da yake sayen data kusan kullum, yake biyan kuɗin shiga gidan kallo ranar da Real Madrid za ta kara da Barcelona, yake ba mai shagon PlayStation kuɗi don wasa ɗaya na minti goma, yake biyan mai turi ya cika masa memori da finafinan Kano, ba za a ce ba ya kashe kuɗi a kan nishaɗi ba. Yana kashewa, kuma da son ransa. Abin da ba ya yi shi ne fitar da dunƙulen kuɗi lokaci guda, ta hanyar da ba shi da ita, don abin da bai gwada ba.

Kuɗin yawancinmu kullum-kullum yake shigowa, kaɗan-kaɗan. Ɗan acaba, tela, mai facin taya, yaron shago, da yamma suke sanin abin da suka samu. Shi ya sa mai tebur yake ƙulla sukari da mai da omo a ƙananan leda, ya san ba kowa ke iya ɗaukar kwali ba, kuma a ƙarshen wata ya sayar da fiye da wanda ya tsaya sai kwali. Kamfanonin waya sun gane wannan tuntuni, suka yanka data ta yini, ta dare, har ta awa. Masu gem da suka gane haka su ne suka samu kuɗinmu. Garena ba ya ce maka kawo sefa dubu shida kafin ka shiga. Ka shiga kyauta, ka saba, ka yi abokai, sannan ya nuna maka ƙaramin ƙunshin dayamon, wato kuɗin cikin gem da ake sayen kaya da shi, wanda farashinsa bai fi na abincin rana ba.

Akwai kuma maganar yarda. Wanda aka taɓa cire masa kiredi a kan abin da bai nema ba, ko ya tura kuɗi kaya ba su zo ba, zai daɗe kafin ya sake miƙa hannu. Sannan akwai abin da kuɗin yake sayo maka a idon jama'a. Saurayi zai ƙi biyan sefa 600 don cire talla daga gem ɗin da yake bugawa shi kaɗai, amma ya kashe ninkin haka a kan riga ko bindigar ado a Free Fire, saboda wannan abokai za su gani. Ko a Amurka da Faransa ma haka mutane suke. WhatsApp da kansa ya taɓa sa santi 99 a shekara, ya soke shi a farkon 2016, kuma cikin dalilan da ya bayar har da cewa masu amfani da shi da yawa ba su da katin banki.

Saboda haka idan aka ce ba ma son biya, ni abin da nake gani shi ne an yanka farashin da awon aljihun wasu, an kuma kafa ƙofar biyan inda yawancinmu ba sa bi.

Idan aka mayar da farashin nan sefa, nawa yake kamawa?

Sefa a ɗaure take da yuro, yuro 1 sefa 655.957 ne, ba ya motsi. Dalar Amurka kuwa tana hawa tana sauka, shi ya sa abin da ka saya bara zai iya canza farashi bana ba tare da mai gem ya taɓa komai ba. A ƙiyasce, santi 99 yana kama wajen sefa 600. Minecraft na waya, da aka daɗe ana sayarwa dalar Amurka 6.99, ya kai wajen sefa 4,000. Abin dala 9.99 kuma yana kusantar 6,000.

Ka auna wannan da albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yanka a Kamaru a 2023: sefa 60,000 a wata ga ma'aikatan kamfanoni, 45,000 ga na aikin gona. A Cadi ma 60,000 ne. Gem ɗin dala 9.99 ya cinye kashi ɗaya cikin goma na albashin wata, aikin kwana uku ke nan. Ba'amurke mai matsakaicin albashi kuwa ko awa ɗaya bai cika yi ba kafin ya samu wannan kuɗin. Google da Apple sun ba masu manhaja damar sa farashi daban ga kowace ƙasa, wasu suna ragewa Indiya da Brazil, amma kaɗan ne suke tunawa da ƙasashenmu. Ga haraji a kai: TVA, wato harajin da ake ɗorawa kan farashin kaya, a Kamaru kashi 19.25 cikin 100 ne, kuma dokar kasafin kuɗi ta 2020 ta shigar da cinikin intanet na kamfanonin waje a cikinsa.

Ina da kuɗi a Orange Money ko MoMo. Me ya sa saye yake yi mini wuya?

Saboda shagunan nan biyu, na Apple da na Google, a kan katin banki aka gina su, Visa da Mastercard, mu kuma kuɗinmu a waya yake: MTN MoMo da Orange Money a Kamaru, Airtel Money da Moov Money a Cadi. A wasu ƙasashe Google ya ƙulla yarjejeniya da kamfanonin waya ana cire kuɗin daga kiredi. Ka shiga Play Store, ka buɗe wurin hanyoyin biya, abin da ka gani a jere shi ne aka buɗe wa layinka da ƙasarka.

Masu hali sukan yanki katin Visa na banki irin wanda ake zuba wa kuɗi, wasu kuma su buɗe katin da babu shi a hannu sai lambobinsa a manhaja. Kowanne da ladan da yake cirewa. Katin kyauta na Google Play da ake sayarwa a intanet kuwa a yi hattara da shi, domin na kowace ƙasa a ƙasarsa kawai yake aiki. Wanda aka yi don Faransa ko Amurka ba zai shiga asusun da aka yi wa rajista a Kamaru ba, kuma mai sayarwa ba zai dawo maka da kuɗinka ba.

To dillalan dayamon da UC (kuɗin cikin PUBG Mobile) na WhatsApp fa? A yarda da su?

Wannan giɓin ne ya haife su, kuma da yawansu sana'a suke yi tsakani da Allah: ka tura kuɗi ta waya, ka ba shi lambar ɗan wasanka, ya saya da katinsa, kaya su shigo cikin mintuna. Yana ɗora ribarsa, ga kuɗin turawa, ga harajin kashi 0.2 cikin 100 da Kamaru ta sa kan tura kuɗi da cire su ta waya tun Janairun 2022. Duk kai ne mai biya.

Lambar ɗan wasa kaɗai ake buƙata. Duk wanda ya ce ka ba shi kalmar sirrin Facebook ko Gmail ɗinka, ko lambar da aka turo maka ta saƙo, asusunka yake so, ba cinikinka ba. Wanda ya karya farashi ƙasa da na kamfanin da kansa, akwai yiwuwar da katin sata yake saye, in mai katin ya kai ƙara a janye kayan, wani lokaci a rufe asusun da ka shekara kana ginawa. Ka fi samun kwanciyar hankali da wanda yake da rumfa a unguwa, wanda ka san inda za ka same shi gobe. Ka fara da kaɗan.

Me ya sa ba sa rubuta farashi da kuɗi kai tsaye, sai dayamon da zinare?

Don ka daina lissafi. In aka ce maka rigar nan sefa 3,000 ce, za ka tuna kuɗin cefane. In aka ce dayamon 500, hankalinka ba ya kai wa can. Sannan a lura da yadda ake yanka ƙunshin: abin da kake so ya ɗara ƙaramin ƙunshi kaɗan, dole ka sayi na sama da shi, sai ragowa ta zauna maka wadda ba ta isa sayen komai ba, tana jiran ka ƙaro. Ga agogon da ke ƙirga cewa rangwame zai ƙare cikin awa biyu. Ga garaɓasar sayen farko mai arha ƙwarai, domin sun san wanda ya saya sau ɗaya ya fi saurin saye na biyu.

Masu biya a irin waɗannan wasanni 'yan kaɗan ne cikin ɗari, kuma a cikinsu ma wasu tsiraru ne suke kawo mafi yawan kuɗin. Don waɗannan tsirarun ake tsara wasan, sauran jama'a suna nan ne don filin ya cika, mai kuɗi ya samu wanda zai yi wa burga. Wannan ne ya fi damuna a duk harkar, domin wanda ya faɗa cikin tsirarun nan ba lallai mai hali ba ne. Sau da yawa yaro ne da ya kasa tsayawa. Hukumomi ma sun lura: a Disambar 2022 hukumar kare masu saye ta Amurka ta sa Epic Games, mai Fortnite, ya amince da mayar wa mutane dala miliyan 245 saboda dabarun da suka sa su saye ba da niyya ba.

Akwatin sa'a da ake juyawa a gem, caca ne?

Ka ba da kuɗi tabbas, ba ka san abin da zai fito ba, yawanci abin banza ne, ran nan kuma wani ya dace ka ji labari ka sake zubawa. Ƙasar Beljiyam ta duba wannan a 2018 ta ce ya shiga dokar caca. Apple tun 2017, Google tun 2019, sun wajabta wa masu gem su bayyana yawan damar samun kowane abu. Ka nemi wannan lissafi a cikin gem ɗin kafin ka juya, sau da yawa za ka tarar babban abin bai kai ɗaya cikin ɗari ba.

Ta fuskar addini, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa caca da giya a wuri ɗaya, kuma cinikin da mai saye bai san abin da yake saye ba sananne ne a fiƙihu cewa akwai matsala a cikinsa. Hukunci na malamai ne, a kai musu tambayar da cikakken bayanin yadda akwatin yake aiki. A nawa ganin, sayen riga da ka gani ka san farashinta daban yake da juya akwati, kuma yaron da ya saba da juyawa yana da shekara goma sha biyu ba zai ji baƙunta ba ranar da ya tsaya gaban shagon cacar ƙwallo.

Ni uwa ce. Kiredina yana ƙarewa ban kira kowa ba, yara ne ke riƙe wayar. Yaya zan yi?

Hajiya, abu biyu ne, a rarrabe su. Na farko, rajistar da ake shiga ba a sani ba: yaro ya taɓa wata talla, ko wani saƙo ya faɗo a fuskar waya ya danna amincewa, shi ke nan an sa layin cikin wasanni ko kacici-kacici da ake cire wa kuɗi kullum. Wannan ba ya bi ta Play Store. Ki duba saƙonnin da suka shigo daga gajerun lambobi, galibi akwai yadda ake fita a ciki. In ba ki gane ba, ki je ofishin kamfanin layin da katin shaidarki ki ce a cire miki duk wata rajista.

Na biyu, saye ta Play Store, wanda sai in akwai kati ko wata hanyar biya a asusun. A nan ki sa wani ya saita miki cewa kowane saye sai an sa kalmar sirri ko yatsa, kuma kada yaran su san ta. Akwai manhajar Family Link ta Google, kyauta ce, tana ba ki ikon amincewa da duk abin da za a sauke da iyakance lokacin wasa. In an riga an cire kuɗin, ki nemi a mayar cikin awa 48, nan ne aka fi dacewa. Kada ki ga kamar sakacinki ne ke kaɗai: a 2014 an sa Apple ya mayar wa iyaye aƙalla dala miliyan 32.5, Google kuma miliyan 19, a kan sayayyar da yara suka yi. Lambar sirrin Orange Money ko MoMo kuwa, ko ɗan fari kada a ba shi.

Ga gem ɗin da aka fasa aka cire masa biya, ana turawa daga waya zuwa waya ta manhajar Xender, komai a buɗe. Me zai sa in biya?

Wanda ya fasa shi ya ba ka kyauta, me ya ci? Sau da yawa ya cusa wani abu a ciki: talla marar iyaka, ko abin da ke karanta saƙonninka. Wayar da kake sa masa ita ce asusunka na kuɗi, nan lambobin sirri suke shigowa. In gem na intanet ne kuma, kamfanin yana gane fasasshe ya rufe asusun. Tura gem ɗin da asalinsa kyauta ne daga wayar aboki don a huta da data, wannan dabara ce mai kyau. Fasasshe kuwa haƙƙin wani ne, haɗarin kuma a kanka yake.

Wanne ya fi: in saya sau ɗaya, ko in zauna a kan na kyauta?

In kana da hanyar biya, kuma gem ɗin yana aiki ba tare da intanet ba, saye sau ɗaya ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, musamman ga yara: babu talla, babu mai zuga su, data ta huta. Sai dai kasuwa ba ta goyon bayan wannan. Nintendo ya gwada da Super Mario Run a 2016, matakan farko kyauta, sauran dala 9.99 sau ɗaya. An sauke shi sau miliyoyi masu yawa, waɗanda suka biya kaɗan ne, kamfanin da kansa ya ce ribar ba ta kai yadda ya sa rai ba.

In na kyautar za ka zauna a kai, ka yanka wa kanka abin da za ka kashe a wata tun kafin ka buɗe shi, da sefa, kuma ka haɗa da kuɗin data a ciki.

Ni ɗalibi ne a jami'ar Gaundare, ina koyon haɗa gem. Yaya zan sa farashi mutanenmu su biya?

Madalla, ƙanena, Allah ya yi jagora. Ba kai ne na farko a ƙasar nan ba: Kiro'o Games na Olivier Madiba a Yawunde ya fitar da Aurion a kwamfuta a 2016, daga baya ya juya ga wasannin waya. Ka san kuɗin shiga tukuna. Rajistar mai manhaja a Google dala 25 ce sau ɗaya, a Apple dala 99 duk shekara. Tunda Tecno da Itel da Infinix ne a hannun jama'a, Android za ka fuskanta. Shagunan sun daɗe suna cire kashi 30 cikin 100 na duk ciniki, daga 2021 suka rage wa ƙananan masu manhaja zuwa 15.

Kada ka dogara da talla kaɗai. Masu talla suna biyan kuɗi mai kauri don idon mutumin Amurka ko Jamus, abin da suke biya don idon mutumin Marwa kaɗan ne ƙwarai, sai ka tara jama'a masu ɗimbin yawa kafin ka ga abin kirki. Ka yi gem mai sauƙin nauyi, wanda zai zauna a wayar da memorinta ya kusa cika, ya yi aiki ko babu intanet, ya bi ta Xender daga hannu zuwa hannu, domin wannan ce tallarka. Ka bar mutum ya buga ya ji daɗi kafin ka tambaye shi komai. In za ka tambaya, ka tambayi abin da zai bayar bai yi shawara da kowa ba, sefa 100 ko 200, a kan abin da ya gani da idonsa, ba akwatin sa'a ba. Ka karanta ƙa'idar Google kan biyan kuɗi da kyau kafin ka haɗa da kuɗin waya, domin tana da sharuɗɗa kan kayan da ake sayarwa a cikin manhajar da ke shagonta. Wasu saboda haka a shafinsu na intanet suke sayar da lambar buɗewa.

Sannan ka ba mutane abin da kamfanin Singafo ko na Sin ba zai ba su ba. Dara da ake yi a gindin bishiya da tsakuwa da 'yan itace tana nan ba a yi mata gem na kirki ba. Ga kacici-kacici da karin magana da Hausa da Fulatanci, da murya ga wanda bai yi boko ba. Ga gem ɗin ƙwallo da mutumin Garwa zai ga filin da ya yi kama da Rumde Ajiya. Ka kai shi rumfar mai caji da shagon mai turi, ka ba su lada a kan kowace lambar da suka sayar, tunda su ne suke riƙe da wayoyin unguwa kullum, kuma su mutane suka riga suka saba miƙa wa kuɗi.